Hular Kwanon Sale

Karshi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni ke tuƙi, ƙanena Sale yana baya yana ƙunƙuni. Babur ɗinsa ne, amma tun ranar da tifa ta watsar da shi a hanyar Orozo aka ɗinke masa ƙeya, Inna ta jefa makullin a ƙasan adakarta. Ta rantse ba zai sake acaɓa ba sai da hular kwano ta gaske, ba irin ta leburorin gini ba. Yaro ya yi wata da watanni yana zaman kashe wando. Da na ji ana baje kolin babura da kayan hawansu a cikin Abuja, na roƙe ta aron makullin na yini guda.

Karu

Nan muka bar babur wurin Malam Iro mai faci, don in ka shiga gari da shi sai a kama. Ka ji fa! Babura za mu kallo, amma namu ya zama abin ɓoyewa. Muka cusu a bas, goslo ya riƙe mu a hawan Kugbo har rana ta yi zafi, kwandasta kuma ya ƙara kuɗi muna tsakiyar hanya. Na ce masa Allah ya isa, ya ce amin.

Wurin baje kolin

Mai gadi ya kalli silifas ɗinmu ya daɗe kafin ya matsa. A ciki ga babura manya kamar bijimai, ba wanda tayarsa ta taɓa taka ƙasa. 'Yan gayu sai hawa suke ana ɗaukarsu hoto, na tabbata rabinsu ba su san inda giya take ba. Ruwan gora ma kuɗin abincin rana suka sa masa, muka haƙura da ƙishinmu.

Sale ya maƙale wurin masu hon da fitilu masu walƙiya, sai da na ja shi da wuyan riga zuwa rumfar huluna. Matar da ke sayarwa ta hango tabonsa, ta tambaye ni da guntuwar Hausarta.

"Oga, wannan kai ya fashe kafin?"

Na ce, "Ya fashe, Madam. Ba ni wadda ba zai ƙara ba."

Ta ɗauko wata baƙa mai gilashi, ta kulle masa ita har haɓa. Kuɗinta ya kai na akuya, na biya ina zufa.

Karu, a dawowa

Muka ci shinkafa da wake, na miƙa wa Sale makulli. Ina juyowa na tarar ya mai da hular cikin kwalinta, yana ɗaure ta a kan tanki da roba.

"Kai, me kake yi?"

"Yaya, sabuwa ce fa. In na sa yanzu ƙura ta ɓata ta, ko ta karce. Sai ran Juma'a."

Malam Iro ya sa baki: "Gaskiyarsa. Sabon abu ko ledarsa ba a cire masa."

Na dubi titi, duk ɗan acaɓan da ya wuce tasa hular tana lilo a kan hannun babur. Raina ya ɓaci. Na fizge kwalin, na zaro hular, na durƙusa na goga ta a kwalta, ƙiii, sai da fenti ya tashi. Sale ya ƙwala ihu kamar shi na goga.

"To, ta tsufa. Saka!"

Ya saka, yana huci.

Gida

Kafin magariba muka iso. Inna tana ƙofar gida, ta dubi kan Sale, ta ga karcen, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Har ya sake faɗuwa?"

"A'a Inna, aikina ne."

Na ba ta labari. Ba ta karɓe makullin daga hannun Sale ba.

Alhamdu lillahi da ya dawo da mu lafiya. Malam Iro, na gode da ajiyar babur, shawararka kuwa ka riƙe abarka. Sale har yau bai yafe mini fentin nan ba, kullum da safe sai ya shafa wurin ya yi tsaki, sannan ya kifa ta a kai ya fita.