Motar da Ake Turawa Kowace Safiya

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da abokina kofur, direban 'yan sanda. Ni bakanike ne, rabin rayuwata a ƙarƙashin mota na yi ta. Abin da ya fito da mu shi ne motar sintirin wani ƙaramin ofishinsu da ke bayan Sabuwa. Famfon man motar ya mutu, ga kasuwa saura kwana biyu, kuma ita kaɗai ke rako manoma su fito da masara ta cikin daji. In ba ta tashi ba, ba mai fitowa, kuma masarar da ta daɗe a ƙauye kowa ya san masu zuwa kwasarta. Sabon famfo ya ƙi samuwa, sai Kofur ya karɓo takardar izini mu ciro na wata irinta da ta mutu a wajen Faskari.

Ina da shegen son ƙirga abu. Tun daga Dutsin-Ma na fara ƙirga 'yan sandan hanya, har muka shiga Ƙanƙara ban ƙare yatsun hannuna ba.

A nan muka karya da waina da miyar taushe, mai araha har na nemi ƙari. Daura da mu samari ne cike a shagon kwamfuta suna cika fom ɗin shiga aikin ɗan sanda. Sun ja layi da gawayi a bango suna auna tsawo, wani gajere sai ɗage yake. Kofur ya ce, "Kai, sauke dunduniya, can ko takalmi ba a bari!" Aka kwashe da dariya. Na tambayi gajeren abin da ya ja shi aikin. Ya ce, "Baba, damina biyu ke nan ba mu taka gonarmu ba."

Hanyar Sheme ta jijjiga mu son ranta. Nan dawa ta fi mutum tsawo, can gona guda ciyawa ta cinye, ba alamar an sa mata fartanya.

Da hantsi muka isa ƙauyen da matacciyar motar take. Ga motar a bakin gari, ta fuskanci daji, an wanke ta fes, tayoyi cike da iska. Na ce, "Kofur, wannan ce gawar?" Ina ɗaga bonet kaza ta yi tsalle ta bar ƙwai huɗu. To, amma ga sawun taya sabo a ƙasa. Ikon Allah! Motar da kaza ke kwanci a cikinta, ina take zuwa?

Ban gama mamaki ba mutane suka kewaye mu, wani dattijo a gaba. Ya ce, "Mi za ku yi mata?" Kofur ya nuna takarda, ko kallonta bai yi ba. Sai da ɗan sandan wurin, ɗaya cikin biyun da suka rage, ya ce mu nasu ne, sannan dattijon ya buɗe mana cikinsa. Tun bara motar ta mutu. Kullum suka fito masallaci da asuba sai su tura ta su sauya mata wuri, yau gabas, gobe bakin rafi. Mata ke kawo ruwan wanki, da famfon keke ake ba tayoyin iska. Masu leƙe daga kan dutse in sun ga ta motsa sai su ɗauka sintiri ake.

Ya ce, "In kun cire ƙafa ko gilashi, kun tona mana asiri." Na ce, "Baba, abin ciki nake so, ba mai ganinsa daga waje." Ya ce, "Ku ɗauki hanjin, ku bar mana fatar." Na yi dariya, amma wallahi ba ta kai ciki ba.

Na ciro famfon, muka shiga Sabuwa ta Dandume, itatuwa ko'ina, hanya kuwa sai addu'a. Washegari kafin azahar na ɗaura wa motarsu famfon, ta yi tari biyu ta tashi. Sajan ɗin ofishin ya rungume ni da baƙin maina duka. A nan na gane su uku ne kacal, kuma mai iya tuƙin an yi masa canjin wuri. Dole Kofur ya ƙara kwana ya ja ta. Biyu suka shiga mota, ɗaya ya tsare ofis. Da idona na ga babura da amalanke sun biyo ta a jere, buhu kan buhu, har cikin kasuwa. Na ji daɗi ƙwarai.

A kasuwar na sayi tsohon batir, na sa muka ratse ta wurin dattijon, nufina in haɗa musu jiniya ko ta ƙara tsoratarwa. Ya girgiza kai. "A'a, Malam. In ta yi kuka ba a ga ta taho ba, sun gane. Ka bar ta shiru." Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Yaran nan da ka ce suna auna tsawo a Ƙanƙara, yaushe za su iso?" Na dubi Kofur, Kofur ya dubi ƙasa.

Da magariba na shiga gida, batir ɗin na hannuna. Na fita da tunanin ƙarfe ne matsalar, na dawo na san ƙarfe shi ne mai sauƙin gyara, mutanen da za su zauna a ciki ne babu. Yanzu duk na sallame asuba sai in kasa tashi da wuri, don na san a daidai lokacin wasu dattawa sun kafa kafaɗa a bayan mota suna turawa.