Sammacin Baba Tela

Har gobe ban manta da Talatar da na fitar da Baba Tela daga ɗakinsa ba. A lokacin shekarata tara ina belif a wata kotun majistare a Keffi. Ga wanda bai sani ba, belif shi ke kai sammaci, shi ke zuwa da 'yan sanda a zartar da hukunci. Ba mai murnar ganinmu, mu ma mun saba.

Baba Tela mutumin Eggon ne, ya haura saba'in, yanar ido ta raba shi da ɗinki. Ya fi shekara talatin yana haya a ɗaki ɗaya bayan kasuwa, kuma shi ya ɗinka min yunifom ɗina na firamare. Da mai gidan ya rasu, magada suka sayar. Wanda ya saya kuma so yake ya rushe, ya gina ɗakunan ɗalibai.

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, ku riƙe wannan. Dokarmu ba ta ware tsoho ba. Abin da ke kare shi shi ke kare kowa: mai hayar shekara a ba shi notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan a kai masa sammaci hannu da hannu ya zo ya yi bayani. Majistaren da muke da ita kuwa, in tsoho ya tsaya gabanta ya ce ba shi da wurin zuwa, takan ƙara masa watanni, ko ta sa a sasanta. Amma fa sai ya zo.

Notis biyun, lauyan mai gida ne ya manna a ƙofa, maƙwabta suka ce wa Baba barazana ce kawai. Sammacin ne ya faɗo hannuna.

Na same shi a benci kusa da kekensa na ɗinki. Ina yin sallama ya gane muryata, ya kira ni Ɗanladi, sunan da rabon a kira ni da shi tun ina yaro. Ya tambayi mahaifiyata, ya lalubo gyaɗa ya ba ni. Takarda tana aljihuna, kunya ta rufe ni. Mu dai an rene mu a kan ba a tarar babba da mugun labari, sai a nemi sa'ansa ya lallaɓa shi. Na fita na ba da takardar ga Malam Iliya mai goro, maƙwabcinsa da suke cin abinci tare, ya ce in bar komai a hannunsa.

A ofis na cika takardar shaidar kai sammaci, na rantse. Rajistara ya ɗago kai ya ce, "Hannu da hannu?" Na ce ƙwarai, ranka ya daɗe.

Ranar shari'a Baba bai zo ba. Majistare ta duba rantsuwata, ta yanke hukunci a bayan idonsa. Na ce wa kaina wataƙila ya haƙura ne.

Ranar fitarwa muka isa da hantsi, ni da 'yan sanda biyu, ga hadari ya haɗo. Malam Iliya ya ja ni gefe, ya zaro sammacin daga ƙarƙashin tabarmarsa, a ninke yadda na ba shi.

"Wallahi kullum sai in ce gobe," in ji shi. "Ƙafa ta matsa masa, na ce bari ya ɗan ji sauƙi."

Na san doka sarai. Da na koma na ce sammaci bai isa ba, da an soke hukuncin an sake zama. Amma rantsuwar ƙarya na yi, aikina zai tafi, ga iyali. Na mayar wa Malam Iliya takardar, na nufi ɗakin Baba.

Da na yi wa Baba bayani, sai ya ce, "Ɗanladi, ai da ka faɗa min da na zo. Ni ban taɓa ƙin kiran hukuma ba."

Bai zage ni ba, kuma na so a ce ya zage ni. Roƙonsa ɗaya, a ɗauki keken a hankali, a rufe shi kada ruwa ya taɓa. Da kaina na ɗauko, na lulluɓe shi da rigar ruwata. Da la'asar 'yar ƙaninsa ta zo ta tafi da shi Garaku. Bai ga ƙarshen shekarar ba.

Na yi ritaya da takardar yabo, ba wanda ya taɓa bincikata. Amma na san mu biyu muka fitar da tsohon nan, ni da Malam Iliya, kuma dukanmu girmama shi muke yi. Tun daga ranar, ko wane ne sai na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa sammaci da Hausa, na faɗi rana da lokaci, sannan na danƙa masa a hannu. Tsofaffi da yawa sun tsine min a kan haka, amma duk sun zo kotu.