Katin Da Ya Ƙi Kaɗa Ƙararrawa

"Mama, me ya sa yatsan Anti Ottilie ya karkace?"

'Yata Nettie ce ta jefo tambayar ana tsakiyar walimar ajiye aikin Madam Ottilie Kessler. Na rasa inda zan sa kaina. Madam kuwa dariya ta yi. "Huda ce, 'yar nan. Shekara ashirin ina huda mutane."

Ba ƙarya ta yi ba. Tun ƙidayar jama'a ta 1890 take isa ofishin ƙidaya a Washington da sassafe, da burodi da tuffa a jaka, ta zauna gaban abin huda kati. Kowane mutum da katinsa: ramin shekaru, ramin sana'a, ramin mace ko namiji. A sa kati a injin ƙirga, allurai su ratsa ramukan, ƙararrawa ta kaɗa, an ƙirga mutum ke nan. In bayanin bai yi wa inji kama da gaskiya ba, sai ya yi gum.

Wata rana katin da Lavinia, sabuwar ma'aikaciya, ta huda ya ƙi kaɗawa. Bayanin da ke kan katin: mace, shekara sittin da takwas, maƙeriya. Aiki ya taru wa Lavinia, ga goyo a gida, ga tsoron kora. Ta jawo sabon kati za ta mai da matar namiji, a wuce wurin.

Madam ta dafa hannunta. "Ke, kin ga gemunta ne?"

"Madam, inji ya ƙi ta."

"Inji ya taɓa zuwa ƙauyensu?"

Madam ta hau bene, inda ake ajiye takardu, ta tono ainihin takardar da mai ƙidaya ya cike a ƙauyen. Ga shi ɓaro-ɓaro: mijin matar ya rasu, ita ke riƙe da maƙera. Aka ƙirga ta da hannu. Da lokacin abinci ya yi, Madam ta ajiye burodinta ta huda rabin tarin katunan Lavinia. Ba a kori Lavinia ba. Ita ce ma ta gasa kek ɗin walimar nan.

Ke ce, Madam, mai tsaya wa wanda bai san kina yi ba. Maƙeriyar nan ba ta taɓa jin sunanki ba. Mun gode. 'Yan matan da kika koyar suna nan kan kujerunsu, kuma har yau suna hawa benen.

Kai kuma mai karatu, ranar da bayanin wani ya faɗo hannunka, kada ka sake ka gyara mutum don inji ya yi ƙara. Wata rana katin Nettie ne zai biyo ta gabanka.