Nauyin Tsinke

Tun suna yara ake kiran babbar Tsinke, ƙaramar kuma Kumatu, kuma duk wanda ya gan su tare ba ya tambayar dalili. Tsinke doguwa ce siririya, wuyanta kamar mariƙin lema, ko ta cinye tukunya ba a gani a jikinta. Kumatu kuwa gajera ce mai cikar fuska, ita da bakinta take cewa ko ruwa ta sha sai ya nemi wuri ya zauna. Girma ya zo, aure ya zo, sunayen nan suka ƙi barinsu.

Kumatu tana koyar da ƙananan yara a wata makaranta. Bayan haihuwarta ta uku gwiwoyinta suka fara ƙara idan ta durƙusa, likita ya ce ta rage jiki. Ta sayi sikeli ta ajiye a bayan ƙofar ɗaki, ta yi sallama da sukari da burodi, ta kuma ɗaura wa kanta buri guda, wato ta sauko daidai nauyin yayarta. Ba ta taɓa ganin Tsinke a kan sikeli ba, amma a ranta ta yanke mata lamba, 'yar ƙarama mai kyau, kullum da safe ita take hange.

Ita Tsinke a ɗakin wankin wani otal take aiki, can ƙasan bene inda tururi ba ya yankewa. Jiƙaƙƙun zannuwan gado take fiddawa daga inji, ta loda a kwando, ta kai wurin busarwa, ta dawo ta kama dutsen guga. Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Lantarki, ƙaton mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya. Shekarun baya tsani ya zame da shi yana gyaran wayar wuta, daga ranar ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Dangi suka yi jaje, suka yi zarya na ɗan lokaci, sannan kowa ya koma harkarsa. Idan aka tambayi labarinsa sai a ce, "Ai Tsinke tana kula da shi," a wuce zuwa wata maganar.

Kumatu ma haka take faɗi. Duk sanda ta je gidan da yamma takan same shi fes, an yi masa wanka an shafa masa mai, yana kan kujerarsa bakin taga, fankar wani maƙwabci a wargaje a kan cinyarsa yana gyarawa. Yakan tare ta da tsokana.

"Kumatu, an ce kin daina cin abinci. To ina kika ɓoye ramar?"

"Tana hanya, Yaya. Kai dai ka ji da fankarka."

Ba ta taɓa tambayar kanta yadda yake tashi daga gado ya iso kujerar nan ba.

Wata safiya aka kira ta a waya tana tsakiyar aji. Tsinke ta taka ruwan sabulu a wurin aiki, ta faɗi a kan hannunta. Kumatu ta same ta a asibiti zaune a kan benci, ta rungume hannun dama a ƙirji, wuyan hannun ya kumbura suntum. Kafin a ba ta maganin kashe zafi, nas ta ce ta hau sikeli.

Kunya ta so ta kama Kumatu, yayarta na cikin ciwo ita kuma tana leƙen lamba, amma wuyanta ya riga ya miƙe. Allurar sikelin ta tashi, ta wuce lambar da ta daɗe tana mafarki, ta wuce nauyin ita Kumatun kanta, sannan ta tsaya.

"Kilo saba'in da huɗu," in ji nas.

"Sikelin nan ya lalace," in ji Kumatu.

"To hau mu gani."

Ta tuɓe takalmi ta hau. Sittin da tara, daidai da abin da na bayan ƙofarta ya nuna mata da safe. Ta sauko tana kallon yayarta sama da ƙasa, kamar yau ta fara ganinta.

Nas ɗin, wata dattijuwa mai gilashi a kan karan hanci, ta yi dariya. Ta kama damtsen Tsinke na hagu ta matsa, sai ta daina dariyar.

"Baiwar Allah, dutse kike fasawa?"

"Wanki nake yi," in ji Tsinke.

Nas ta juyo ga Kumatu. "Ido girma yake gani, ba ya ganin nauyi. Kitse kamar auduga yake, ya cika wuri ba nauyi. Tsoka kuwa a dunƙule take. Ga tsawo ta fi ki, ga ƙashi. Ke naki ya taru a fuska da ƙugu, inda kowa zai gani. Ita nata yana ƙarƙashin riga."

Aka ɗora hannun, aka naɗe shi da filasta, aka ce kada ta ɗaga ko bokiti sai ƙashin ya haɗe. Sai a lokacin fuskar Tsinke ta canza. Ba ciwon ne ya dame ta ba.

"Wa zai ɗaga Maigida?" ta ce a hankali.

"Haba Yaya, ba ga ni ba?"

Washegari da safe Kumatu ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta tsaya a bakin gadon. Tsinke na gefe tana ba ta umarni: ta sa ƙafa ɗaya tsakanin ƙafafunsa, ta zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa, ta lanƙwasa gwiwa, kada ta ja da baya. Kumatu ta ja numfashi ta yunƙura. Ko gezau. Ta sake, har wasu taurari suka gilma mata a ido, mutumin nan kamar an dasa shi a katifar.

"Sannu, ƙanwata," in ji Mai Lantarki. "Ko a kawo miki burodin nan da kika yi fushi da shi?"

Dole aka kira mijin Kumatu da telan da ke ƙofar gida. Su biyu, maza majiya ƙarfi, suka kai shi banɗaki da nishi da karo da bango, suka dawo da shi kujera gumi na ɗiga daga haɓarsu. Telan ya dafa ƙugu ya ce, "Da wa take yin wannan aikin kullum?"

"Ita kaɗai," in ji Mai Lantarki. Wasan ya bar muryarsa. "Kafin ta tafi aiki, da ta dawo, da duk sanda larura ta kama. Farkon abin mun sha faɗuwa. Akwai ranar da muka zube tare a ƙofar banɗakin can, ni a kanta, na ce ta bar ni kawai ta nemi mutane. Ta ce mutane suna da nasu kayan. Muka yi kukanmu a ƙasa, muka gama, ta tashi ta sake gwadawa."

Tsinke ta harare shi. "Maigida, shayinka na hucewa."

Da hantsi Kumatu ta shiga taya yayarta wanka, tun da hannu ɗaya ba ya cuɗa baya. Ta janye mata zane daga kafaɗa, sai soson ya tsaya a hannunta. Rabon da ta ga bayan nan tun suna 'yan mata, lokacin ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Yanzu kafaɗun sun yi faɗi sun dunƙule, tsoka ta sauko gefe da gefen ƙashin baya kamar igiyoyi biyu da aka murɗa. Ta kai yatsa ta taɓa, ta ji tauri kamar icce. A gefen wuya akwai wani baƙin kanta, inda haɓar mijin ke sauka kullum idan an rungumo shi. Duk shekarun nan abin yana nan cikin manyan rigunan da Tsinke ke sawa, su kuwa suna ce mata iska za ta ɗauke ta.

Tsigar jikin Kumatu ta tashi. Ta ji idanunta sun cika.

"Ke, ruwan na sanyi," in ji Tsinke. "Kallon me kike yi?"

"Yaya, kin san nauyinki nake nema in kai? Wata da watanni ina azabtar da kaina."

Tsinke ta yi dariya har filastar na rawa. "To ai sai ki ƙara ci. Ni ban taɓa neman wani nauyi ba. Abin da na sani, in na rame ba na iya ɗaga shi, shi ya sa ko ba na jin yunwa nake tura abinci. Ke ki tambayi gwiwarki abin da za ta iya ɗauka, ki tsaya a nan."

Kumatu ta koma wurin likita suka tsayar da lambar da ta dace da tsawonta da gwiwoyinta, ba ta da nisa kamar wadda ta ƙirƙira. Makonnin jinyar kuwa ta raba wa dangi aiki ba tare da neman shawarar kowa ba, ta bi ƙannen Mai Lantarki gida gida, kowace safiya sai ga maza biyu a ƙofa. Wasu har bayan an warke ba su daina zuwa ba.

Da aka cire filastar hannun ya fito a tsotse, fatar ta yi fari. Tsinke ta yi ta matsa ƙwallon roba kamar yadda aka umarce ta, har likita ya ce za ta iya komawa bakin aikinta. Ranar Kumatu na gidan. Wani ƙanen Mai Lantarki ya matso zai kama, Tsinke ta ce ya dakata.

Ta tsaya gaban gadon, ta gyara tsayuwa, ta sunkuya. Mai Lantarki ya sarƙe hannuwansa a bayan wuyanta, ya kwantar da haɓarsa a kafaɗarta. Suka ja numfashi tare, ta miƙe, ƙaton mutumin nan ya taso daga katifa a hankali, ta juya da shi a kan diddige ɗaya ta sauke shi cikin kujera, ko ƙara kujerar ba ta yi ba. Ta gyara masa wuyan riga, ta jera ƙafafunsa a kan matashi.

Ƙanen mijin ya riƙe baki. Kumatu na tsaye da tawul a hannu, ta manta abin da aka aike ta yi da shi.

"Ku kun iya jijjiga mutum kamar buhu," in ji Mai Lantarki. "Kumatu, miƙo min sukundireba, rediyon telan nan tun jiya yake jirana."