Wasan da Ka Bar Mini, Yaya Pang

Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, da hantsi, Pang Weizhou ya rasu a birnin Shenyang na ƙasar Sin yana da shekara saba'in da ɗaya. Sau huɗu yana lashe gasar ƙasa ta darar Sinawa, wadda ake bugawa da sarki da doki da igwa a kan allo. Malaminmu ɗaya, shi ne gaba da ni, don haka Yaya nake ce masa.

Yaya Pang, jaridu sun gama lissafa kofunanka, ba sai na maimaita ba. Ni abin da na sani shi ne mutumin da ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mini a jirgin ƙasa, ya kwana biyu yana tari yana cewa taba ce. Ka koya mini tura igwa ba tare da gaggawa ba. In na yi wauta sai ka ƙwanƙwashe ni da cokalin shayi ka ce, "Qiu, dokin nan naka jaki ne?" Cikin shekara arba'in mun kara a gasa sau sittin da wani abu. Sau ɗaya tak na ci ka, a wasan ƙarshe na gasar 1988, wanda ya ba ni kofin ƙasa da sunan babban gwani. Duk abin da na zama, a kan wasan nan na gina shi.

Bayan jana'iza matarka Shufen ta miƙo mini littafin da kake rubuta wasanninka. Na buɗe shafin wasanmu na 1988, ina ɗoki kamar yaro. A gefen taku na talatin da ɗaya ka zana wani takun da jan alƙalami, wanda ba shi ka buga ba. Na bi shi da yatsa. Taku biyar, sarkina ya mutu.

"Daga baya ya gano?" na tambaye ta.

"Haba, Qiu, kai ma dai!" in ji ta. "Tun yana zaune a gabanka ya gani. Shugaban ƙungiyarku ta dara ne ya ce ya bar maka, wai lardinmu na son gwani na biyu, shi maigidana ai ya ƙoshi da kofuna. Ya dawo gida ko shinkafa bai taɓa ba."

"Wa ya sani?"

"Wa bai sani ba?"

Ashe haka ne. Shekara talatin da bakwai ina nuna wa ɗalibai wasan nan a kan allo, ina washe haƙora, wani lokacin kana zaune a bayan aji kana gyaɗa kai. Ka ci amanata, Yaya. Da ka murƙushe ni ranar nan, da na yi kukana na tashi, wataƙila ma na ci ka wata shekarar da ƙarfina. Yanzu babu mai iya gaya mini ko zan iya, tunda ka tafi da amsar.

Na san umarni aka ba ka, na kuma san kofi na biyar ka zubar saboda ni. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, don ban san inda zan ajiye fushin ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shufen, da 'yarku Lanying, da ɗalibanka. Allah ya ba su haƙuri, ya sanyaya makwancinka, ya yafe maka kafin ni in iya. In na iso, ka shimfiɗa allon dara, ka buga da gaske.