Malam Maharazu da Ɗakin Sabobin Bayan Kasuwa

Kafin masu shaguna su buɗe, Malam Maharazu Sada ya riga ya jingine tsohon babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya tuɓe takalmi a ƙofar wani ɗan ɗaki da ke bayan kasuwar Daura. Ba ya fara taɓa komai. Tsayawa yake yi ya kasa kunne, domin daga kukan fankoki yake gane lafiyar injuna. Sannan ya ɗora tafin hannu a jikin akwatin ƙarfen da injunan suke ciki ya ji ɗuminsa.

A wannan ɗaki ne shafukan intanet na makarantu da na ƙungiyoyin manoman Zango da Baure suke zaune. Yawancin masu shafukan ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Waɗanda suka san farkon aikin suna tuna lokacin da kowace saba, wato injin da ke ɗauke da shafi, ta kai girman buhun gero. Sun cika ɗakin, wayoyi sun sarƙe, janareta na ta shan mai, da bazara kuwa wurin kamar gidan burodi. Shi ne ya nace wa masu kamfanin da yake wa aiki har suka sayo siraran nan da ake kira bled, waɗanda ake zura su a jere cikin akwati guda, wutarsu ɗaya, sanyinsu ɗaya. Ranar da ya gama jera su, ya daɗe yana kallon filin da ya samu a ɗakin. Ya ce wa abokin aikinsa Kalilu, "Ka gani? In ɗaya ta mutu, ka zare ta ka zura wata, sauran ba su ma sani ba."

Malama Zaituna ta Dutsi ba za ta manta da shi ba. Mahaifinta malami ne, ya rasu ya bar karatuttukansa a kaset. Yayanta ya ɗora su a shafi, daga baya gara ta shiga kwalin kaset-kaset ɗin ta lalata su. Muryar tsohon ba ta rage ko'ina ba sai a ɗakin Maharazu. Ruwan farko na wata damina ya zo da tsawa, sabar da ke ɗauke da shafin ta ƙone ƙurmus.

Da labari ya iske ta, ta shigo motar haya, ta iso idanunta jajir.

"Baba, an ce ta ƙone. Shi ke nan na rasa shi karo na biyu?"

"Zauna, 'yata," in ji shi. "Bari in gama ɗaure wannan."

Ashe tun ranar da ya fara jin karatun, hankalinsa bai kwanta da barin sa wuri ɗaya ba, sai ya kwafe shi a sabar da ke maƙwabtaka. Babu wanda ya sa shi. Ya zura sabuwar saba a gurbin wadda ta ƙone, ya mayar da karatun, ya jira koren haske ya kama, ya miƙa mata wayarsa. Muryar mahaifinta ta fito, har da ɗan tarin da yakan yi kafin ya fara. Ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya fita wai zai duba janareta.

Malam Maharazu, kai ne mai gadin amanar da ba a gani. Kai ne ka ci Sallah da yawa a bakin akwatin nan don kada shafin wani ya ɗauke. An yabi kamfani, an yabi masu shafuka, sunanka bai fito ba, kai kuma ba ka nema ba.

Bana idon Malam ya yi rauni, kamfanin kuma zai kwashe injunan zuwa Kano. Ya zare su da hannunsa, ya naɗe kowace da tsumma mai tsabta, yana faɗa wa Kalilu halinta: wannan ba ta son zafi, wannan sai an lallaɓa ta. Da motar da ta ɗauke su ta tashi, ya tsaya har ta sha kwana.

Mun gode, Malam. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka huta cikin jikoki. Matasanmu da ke shiga wannan fanni, ku je ku gaishe shi tun yana nan, ku koyi riƙon kayan mutanen da ba za su taɓa sanin sunanku ba.