Hawan Gwaggo Abrehet

Gwaggona Abrehet ta shekara talatin tana sayar da gahawa da soyayyen sha'ir a gindin dutsen garinmu, cikin tsaunukan Tigray a ƙasar Habasha. Duk mai ziyarar tsohuwar cocin da aka sassaƙa a ƙololuwar dutsen, a rumfarta yake tuɓe takalmi. Ita kuwa ba ta taɓa hawa ba. Ko jaki ta hau sai jiri ya ɗebe ta.

Sai 'yarta Tirhas ta haihu bayan shekara tara da aure. Dama Tirhas ta yi wa Allah alkawari, in ta samu haihuwa, a cocin sama za a yi baftisma.

Ranar da jaririyar ta cika kwana tamanin muka taru da hantsi. Tirhas ta goya ta, ta kama dutse. Gwaggo ta bi goyon da kallo, can sai ta yi wurgi da takalmanta.

"Kai, riƙe min mayafi!" ta ce da ni.

Limamin cocin, Keshi Tewelde, tsoho mai shekara saba'in, ya tuntsire da dariya. "Abrehet, yau kuma? Wa zai kwaso mana ke?"

"Keshi, kai dai nuna min inda zan sa ƙafa. Surutu sai a huɗuba!"

Haka ta bi ramukan da ƙafafun mutanen dā suka cinye a jikin dutsen, yana gaba, ina baya. Ta kira waliyyai kaf, har da waɗanda Keshi ya ce bai san da su ba. Da muka kai siririyar hanyar ƙarshe, wadda faɗinta bai wuce taku biyu ba, ga rami mai zurfi a hagu, sai ta durƙusa ta ratsa ta da rarrafe.

Tana shiga cocin ta ɗaga kai. Ga manzanni a zane jikin rufin, ja da ruwan ɗorawa, da manyan idanu, suna kallonta. Ta rangaɗa guɗar da sai da aka ji ta a gindin dutse.

"Ashe haka yake! Shi ne ba wanda ya faɗa min?"

"Gwaggo, kullum fa ana faɗa miki!"

"Rufe min baki, ba su iya faɗa ba!"

Ita ta karɓi jikarta daga ruwan baftisma, tana dariya tana hawaye. Saukowa ta ci mana awa uku. Daga nan ba ta sake fashin hawa ba, duk shekara ranar idin cocin, har sau goma sha ɗaya, kafin gwiwa ta zaunar da ita.